Ka Nema Da Bakinka

Yakasai, cikin birnin Kano

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko kana cikin mota ko ka riga ka sauka. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba direbanku natsuwa. Mahaifiyarka na ba wa takardar ta sa maka a jaka, don na san in ni na miƙa maka, hannu biyu za ka sa ka karɓa, ka ce "to, Baba," ka sunkuyar da kai ka fita. Haka muke ta yi da kai makonnin nan, gaisuwar safe da ta yamma, ba komai a tsakani. Ni kuma bakina bai saba da irin maganar da nake so in yi maka ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Ranar Litinin za ka zauna gaban mutanen ƙaramin kamfanin nan na Abuja, masu yin manhajar waya, su yi maka tambayoyi, su ga ko za su ɗauke ka horon wata shida da jami'a ta ɗora muku, wanda kuke kira IT. Na san a duk wuraren da ka rubuta wa, su ne na ƙarshe da suka amsa. Na kuma san in wannan ta kuɓuce, abin da ya rage shi ne mu nemi wani ofis a buga maka hatimi, ka zauna wata shida ana aikenka sayo abinci, ka koma makaranta ba ka ƙaru da komai ba. Kai ba ka son haka, ni ma ba na so maka. Ban san kwamfuta ba, don haka ba ni da abin koya maka a kanta. Abin da nake da shi, ban da addu'a, shi ne wuraren da na yi tuntuɓe, kuma mafi muninsu a kanka na yi shi.

Ranar da kakanka, wanda ka ci sunansa Mustafa har muke ce maka Abba, ya kai ni koyon gyaran keken ɗinki wurin Malam Iro a Ƙofar Wambai, hannuna ya riƙe har rumfar. Ya ajiye goro, ya ce, "Ga shi nan, amana na kawo maka. Bai san komai ba, kai kamar dutse. In ya yi ba daidai ba, ka hora." Malam Iro ya ce, "Ai namu ne." Ni ina tsugune ina kallon ƙasa, ban ce uffan ba, ba kuma wanda ya sa ran zan ce. Alhali kafin wannan rana na sha kwance keken Inna in mayar da shi, kuma mahaifina ya sani sarai. Haka ake yi. Uba ba ya yabon ɗansa a gaban mutane, don kunya da kuma tsoron baki. Shi ma wanda aka kai wa yaron ya san ba haka maganar take ba, ya san yadda zai auna ta. Kowa ya gane kowa, aka sha ruwa aka watse.

Da na iya aiki, Malam Iro ya sama mini gurbi a sashen ɗinki na wata masaƙa, lokacin masaƙun Kano suna da rai. Wata rana wani babban keke ya tsaya, ya gagari kowa. Aka tashi cin abinci, ni na zauna a kansa, har na gano gidan ƙoshiya ne ya goce, allura tana sauka ba ta tarar da zaren ƙasa. Na daidaita shi, keke ya tashi. Manaja ya shigo ya ji ƙararsa, ya tambaya wa ya gyara. Ina tsaye da baƙin mai a hannuna, sai na kalli ƙasa. Na ɗauka shugaban sashenmu zai nuna ni, yadda Malam Iro zai yi in shi ne a wurin. Shi kuwa murmushi kawai ya yi. Manaja ya dafa kafaɗarsa ya wuce. Da aka tashi tura mutum Kaduna koyon sababbin kekuna, shi aka tura. Ba zan ce ya yi ƙarya ba, don bai buɗe baki ba. Ni ne na zaci a ko'ina ana gane mutum daga shirunsa, ashe sai a wurin da aka san gidanku. Na yi shekaru ina jin haushin mutumin nan, kafin in yarda cewa kalma ɗaya aka nema a wurina ranar, na kasa faɗa.

Saboda haka, Abba, in sun tambaye ka wa ya yi abu, kuma kai ka yi, ka ce kai ne. Wannan ba yabon kai ba ne, shaida ce, kuma ɓoye shaida ba ladabi ba ne. Ba na ce ka cika baki ba. Ka faɗi iyakar abin da hannunka ya yi, ka tsaya a nan.

Akwai kuma ɗaya gefen, shi ma na faɗa cikinsa. Bayan masaƙa ta rufe na dawo Ƙofar Wambai na kama rumfata, sai aka fara shigo da kekuna masu injin lantarki. Wata tela daga Ƙofar Dawanau, Hajiya Rabi, ta kawo mini nata ana saura 'yan kwanaki Sallah, ɗinkunan mutane jibge a ɗakinta. Ban san kan injin ba. A rumfar da ke kusa da tawa akwai Emeka mai gyaran fanka, ƙanen bayana ne a shekaru, kuma ya san lantarki sosai. Taku kaɗan ne tsakaninmu. Amma na ga kamar in na je na tambaye shi, layin nan kaf za su ce Habu, almajirin Malam Iro guda, ya koma ɗaukar darasi wurin mai gyaran fanka. Na yi ta maza na haɗa wayoyi yadda na ga dama, na kunna, hayaƙi ya tashi. Da Hajiya Rabi ta zo ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi injin, ta dube ni, ta ce, "Malam Habu, da ka ce mini ba ka iya ba, ai da na kai wani wuri." Na sayo mata wani injin, amma bai iso ba sai bayan Sallah, kuma mutane da yawa sun kwashe yadinsu daga wurinta. Har ta rasu muna gaisawa, sai dai ba ta sake kawo mini aiki ba.

In sun tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka ce su nuna maka. Don koyo za ka je, ba don ka nuna musu ka gama ba. Kuma a irin wuraren nan, na gani da idona, mai koya maka zai iya zama sa'anka, ko ƙanenka, ko mace, ko wanda ba addininku ɗaya ba. Ka ja kujera ka zauna kusa da shi. Girman da mutum yake tsoron ya zube don ya yi tambaya, ni dai na riƙe nawa ranar, kuma bai hana injin ƙonewa ba.

Yanzu sai abin da ya shiga tsakaninmu. Ka san shi, amma ba ka taɓa jin sa daga bakina ba, kuma ya kamata ka ji.

Ni na rene ka a kan yaro ba ya kallon idon babba, ba ya cewa "na iya." In baƙo ya yaba maka, nakan ce, "Wannan? Sai ci da barci." Kana dariya, ina dariya. Ban taɓa tunanin kana haɗiye maganar ba. Da ka yi manhajar nan ta teloli, wadda ke riƙe awon mai kaya ta kuma tuna wa tela ranar alkawari, ka je da ita neman gurbin IT a wani kamfani nan Kano, suka tambaye ka labarinta, ka ce musu ɗan wasa ne kawai. Mahaifiyarka ta gaya mini, na kuma gane muryata ce ta fito daga bakinka. Duk da haka suka ce ka dawo zagaye na biyu. Da na bar ku, da ƙila yanzu ba ka cikin motar Abuja.

Amma ban bar ku ba. Na ga ɗana zai shiga wurin aiki ba wanda ya kai shi, ba wanda ya ce ga ɗan wane, abin ya tsaya mini a rai. A wurina hakan maraici ne, ni kuwa ina raye. Ban gaya maka ba na je na sami Alhaji Garba, mai rumfunan layinmu, wanda tun rasuwar kakanka shi ne uba a gare ni. Ya sa babbar riga, ya fesa turare, ni na riƙo goro a leda, muka hau Adaidaita Sahu.

Ofishin a saman bene yake, ɗaki ɗaya babba, ba teburin oga ba labule. Samari da 'yan mata ne zazzaune, kowa ya toshe kunne yana danne-danne. Akwai wani dattijo a bakin ƙofa, shi kaɗai mai furfura a wurin, har Alhaji ya fara jero masa bayani, ashe mai kula da janareta ne. Shi ya nuna mana shugabar, wata yarinya da ba ta girme ka da yawa ba, kowa yana ce mata Maryam kai tsaye, ba Hajiya ba Malama. Yarinyar kirki ce, kada ka taɓa riƙe ta a rai. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta sa aka kawo mana ruwa.

Alhaji ya ce, "Yaronmu Mustafa ya zo wurinku. Mun zo ne mu ba ku amanarsa."

Ta ce, "Alhaji, ai ba sai kun taso ba. Mustafa ya yi ƙoƙari, shi ya sa muka ce ya dawo." Sai ta juyo wurina ta ce, "Amma Baba, tunda Allah Ya kawo ka, akwai abin da ya ɗaure mana kai. Manhajar nan ta burge mu ƙwarai, amma da muka tambaye shi sai ya ce wasa ne, ya ƙi ɗaga kai. Kai da kuke gida ɗaya, shi ya rubuta ta da kansa?"

Abba, na san amsar. Amma ga Alhaji a zaune, ga baƙin idanu cike da ɗaki, an ce in yabi ɗana. Bakina ya faɗi abin da bakin mahaifina ya faɗa a rumfar Malam Iro. Na ce, "Ina, 'yata. Yaro ne, me ya sani? 'Yan'uwa dai suna ɗan taimaka masa. Ku za ku koya masa."

Alhaji ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne. Bai san komai ba, sai ladabi."

Na ga fuskarta ta canja, na ɗauka nauyinmu take ji. Sai ta ce, "To, Baba. Mun gode da ka faɗa mana gaskiya."

Ta karɓi goro, ta rako mu har bakin bene. Muna saukowa Alhaji ya ce mini, "An gama, Habu." Ni ma na dawo gida da farin ciki, har na ci tuwo na nemi ƙari.

Sauran kai ka fi ni sani. Suka ɗauki wani. Da ka buga waya ka tambayi inda ka gaza don ka gyara, Maryam ta gaya maka ba ɓoye-ɓoye cewa mahaifinka da kansa ya ce taimaka maka aka yi, kai kuma ba ka faɗa ba, su kuwa ba za su ɗauki wanda ya nuna aikin wasu da sunansa ba. Ka zo rumfa ka tsaya ina gyaran keken wani. Ka ce, "Baba, ni na rubuta ta. Ni kaɗai." Ba ka ɗaga murya ba, amma sai ka ce, "Ka yi haƙuri," kamar kai ka yi laifi. Ni kuma na ci gaba da juya kan keke, ban ɗago ba. Ba taurin kai ba ne. Kunya ce ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da nake. Na je in ba da amanarka, na dawo na sa an ɗauke ka maƙaryaci. Na so in koma in warware, mahaifiyarka ta ce sun riga sun ɗauki wani, kuma wa zai yarda da uban da ya canja magana. Gaskiya ta faɗa. Ka yafe mini.

Abin da na koya, da furfurata, shi ne mutanen nan magana suke ɗauka yadda aka faɗe ta. Ba su san gidanmu ba, ba su san kakanka ba, ba su da ma'aunin da Malam Iro yake da shi. In ka ce wasa ne, wasa za su rubuta. Wannan ba rashin tarbiyya ba ne daga wurinsu, yadda aikinsu yake ke nan, domin ɗaruruwan yara suna aiko musu da takardu kuma ba su da hanyar sanin kowa sai abin da ya nuna da abin da ya faɗa. Ba na ce ka jefar da ladabinka ba. Ka yi sallama, ka gaida kowa har mai gadi, kada ka katse mai magana. Amma in an zo kan aiki, ka ɗago kai ka dubi mai tambaya, ka buɗe kwamfutarka, ka nuna masa daga inda ka faro. Ka faɗi inda manhajar take tangarɗa ma, don na ji Malam Sule tela yana ƙorafin tana nauyi a tsohuwar wayarsa. Wanda ya san aibin abu haka, an san shi ya yi shi.

Tunda na kasa faɗa a inda ake buƙata, bari in rubuta a nan. Na gan ka a soro da kwamfutar nan a cinya, in ba wuta ka kai ta caji shagon aski ka zauna gadinta. Na gan ka kana bin teloli rumfa-rumfa kana tambayar yadda suke auna kafaɗa da tsawon hannu, suna tsokanarka ko ɗinki za ka koma. Da ka ga Malam Sule ba ya karanta boko, ka koma ka sa ta riƙa magana da Hausa. Ranar da ya miƙo mini wayarsa na ji tana cewa gobe ne alkawarin kaftanin wane, zagayawa na yi bayan rumfa na yi hamdala, idona ya kawo ruwa. Sannan na dawo gida na ce ka ajiye wayar nan ka ci abinci. Kai ka yi ta, ba wanda ya taimaka maka, kuma ina alfahari da kai.

In Allah Ya sa sun ɗauke ka, abin da ka gani na aikinsu nasu ne, kada ka fita da shi ko da wurin abokin da za ka zauna a ɗakinsa. In ka ɓata abu, ka faɗa tun da wuri, kafin hayaƙi ya tashi. Ka tambaye su wurin salla tun ranar farko, kada ka jira sai lokaci ya ƙure kana raɓe-raɓe. Ka riƙa cin abinci mai nauyi, don na san halinka, in ka zauna gaban kwamfuta sai ka wuni a kan biskit da ruwan leda, ka dawo mana kamar sandar rake da aka tsotse. Ka riƙa kiran mahaifiyarka. Ni ba sai ka kira ba, tana gaya mini komai, har abin da ka ce kada ta faɗa.

Saura abu ɗaya, kuma gara ka ji shi kafin Litinin. Ranar Alhamis bayan la'asar Alhaji Garba ya zo rumfa. Shi ma abin da ya faru ya dame shi, yana so ya gyara. Ya ce, "Habu, akwai surukina a Abuja, ya san ɗaya daga cikin waɗanda suka zuba jari a kamfanin nan. Waya ɗaya zan buga, magana ta ƙare."

Na ce, "Alhaji, Allah Ya saka da alheri. Amma a bar shi."

Ya ce, "Me ka ce?"

Na ce, "A bar yaron ya je da kansa."

Ya dube ni. Ya ce, "Tun da ubanka ya rasu ban taɓa miƙo maka hannu ka ƙi ba. In yaron nan ya dawo hannu rabbana, kada ka zo kana yi mini kuka." Ya tattara rigarsa ya tafi ba sallama. Tun ranar, in ya zo wucewa na gaishe shi, da hannu yake amsawa.

Ban sani ba ko wayar nan da ta yi aiki. Ƙila da ta yi. Mahaifiyarka ta ce na yi ganganci da damarka ta ƙarshe. In ba su ɗauke ka ba, ka sani da hannuna a ciki karo na biyu, zan kuma ɗauki wannan nauyin, ka dawo gida ƙofa a buɗe take. In kuwa sun ɗauke ka, ba mai ce maka albarkacin wane ka ci, kai ma ba za ka zauna a cikinsu kana tambayar kanka ba.

Allah Ya tsare ka a tafiya da zama, Ya raba ka da mugun ji da mugun gani, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Allah Ya warware maka harshe ranar Litinin, Ya zaɓa maka abin da ya fi alheri, Ya dawo mana da kai lafiya. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Ba ka da kowa a Abuja da zai sa baki a maganarka, Abba, kuma ni na sa aka yi haka. Na bar ka a hannun Allah.

Wassalam.

Mahaifinka,
Habu mai gyaran keke